Kiɗan da Nake Gwada Lasifika da Shi

Ranar kasuwar Tsanyawa ba na rasa samari a bakin rumfata. Su zo su tsaya, waya a hannu, suna kallon akwatunan lasifika da na jera, sai ɗaya ya ce, "Baba Garba, ai sana'arka hutu ce. Ka hau mota ka sayo a Kano, ka zauna a inuwa ka sayar." Ba na musu. Nakan nuna masa akwati biyu iri ɗaya, in ce ya gaya mini wanne zai kai baɗi, wanne zai mutu kafin kaka. Sai ya ƙwanƙwasa katako, ya leƙa baya, ya zaɓi wanda fentinsa ya fi sheƙi. Saboda irinsu na rubuta wannan.

Kayan sauti na hannu nake sayarwa: lasifika, amfilifaya, makirufo da wayoyinsu. Masu saye su ne masu ba da haya a biki, masu gidan kallon ƙwallo, masu tallan magani a bayan mota, da kwamitocin masallatai da makarantu. Ba mai kuɗin sabo a cikinsu. Kowa na hannu yake nema, kowa kuma so yake ya yi masa aikin sabo. Ba takardar shaida nake ba su ba. Maganata suke saye. In na ce kaya zai yi, to sun yarda zai yi, iyakar jarin mai wannan sana'a ke nan.

A Ungogo na koyi aikin, wajen Alhaji Uba mai gyaran rediyo, bayan na riga na yi aure na ga gonar gado ba za ta riƙe mu mu biyar ba. Shekara uku na yi a shagonsa. Kayan aikin da ya sa ni saye ba su da yawa: ƙarfen narka dalma, mita ta awon wuta, sukuddireba manya da ƙanana, da reza. Sauran, in ji shi, Allah ya riga ya ba ni, wato tafin hannu da hanci. Shi ya fara buɗe mini lasifika ya nuna mini cikinta. A bayan baƙin kwalin nan da kuke gani yana rawa akwai siririn zaren tagulla da aka naɗe, muna ce masa koyil. Yana kai da kawowa a cikin ratar maganaɗisu da ba ta wuce kaurin farce ba. In ya ƙone, masu gyara sukan sake naɗa wani, wannan ba laifi ba ne. Matsalar gam ce. Akwai gam mai jure zafi, akwai na liƙa takalmi. In an naɗa koyil da na takalmi, lasifika za ta yi magana tas muddin tana da sanyi. Da ta yi zafi, gam ya saki, zare ya warware ya cushe ratar, shi ke nan ta yi shiru. Ido ba ya ganin wannan, mita ma ba ta gani. Zafi kaɗai ke tona shi.

Alhaji Uba da kaset ɗin kalangu yake gwaji. Ni ma da shi na fara da na buɗe rumfata, na kuma sha dawowar kaya. Sai daga baya na gane dalili. Kalangu yana da numfashi, makaɗi ya buga ya saurara, mawaƙi ya yi magana, a nan koyil yake samun hutu ya huce. Lasifika mai ciwo takan wuce irin wannan gwajin lafiya lau.

Aikin da ya canza mini hanya shi ne na Rabi'u mai aski. Mutumin Makoda ne, ya yi shekara huɗu a Afirka ta Kudu yana sayar da takalma, ya dawo ya buɗe shagon aski yana neman lasifika ɗaya mai ƙarfi. Na fito masa da wadda na fi ji da ita. Na ɗauko kaset ɗina, sai ya ce, "A'a, Garba, ajiye wannan. Da nawa zan gwada." Ya zaro wani faifai ba rubutu a jikinsa.

Ban taɓa jin irin abin nan ba. Ƙasansa ganga ce mai nauyi, tana tafiya a hankali ba gaggawa, kowane bugu kana jinsa a ƙirji. Rabi'u ya ce sunan wannan kwaito, kiɗan rawa ne na matasan unguwannin can. Minti ɗaya ana haka, sai jita ta lantarki ta faɗo a kai, tana ƙara kamar ana wasa gatari a jikin injin, ga wani ƙato yana ihu kamar an take masa yatsa. Wannan kuma, in ji Rabi'u, daga kiɗan Turawa ne da ake kira rok, rok ɗin ma mai tsauri. Wasu samari ne a can suka ga dama suka haɗa biyun wuri guda, gangar rawa a ƙasa, hayaniya a sama.

Na ce, "Rabi'u, wannan rawa ake yi masa ko gudu?"

Ya ce, "Duka biyun. Ƙara murya."

Na ƙara. Mai goron da ke maƙwabtaka da ni ya kwashe farantinsa ya matsa. Ba a yi minti shida ba na ji ƙauri, irin na fenti a wuta, sai lasifikar da nake alfahari da ita ta yi tari sau biyu ta mutu. Rabi'u ya fara ba ni haƙuri. Na ce ya bar haƙurin, ya ba ni aron faifan in kwafa. Da na buɗe ta na tarar da gam ɗin takalmi.

Tun daga ranar ya zama kayan aikina, kamar mita. Ba na jin kalma ɗaya a ciki, ban kuma taɓa sa shi don daɗi ba. Amma ban ga abin da ya kai shi tona asirin lasifika ba. Gangar tana tura kwalin gaba da baya har iyakarsa. In ka ɗora tafin hannu a jikin akwati za ka ji in koyil yana gogar bango, wani ƙar-ƙar ne a ƙarƙashin bugun. Jitar kuma ba ta numfashi ko kaɗan, ita ke dafa koyil, ita ke kuma nuna ko ƙaramar lasifikar sama, mai fitar da siririn sauti, tana da rai. Waƙar da nake amfani da ita minti takwas ce. Abin da taron awa uku a rana zai yi wa lasifika, ita takan yi shi a minti takwas ɗin nan. Doka ɗaya ce: har ƙarshe, da cikakkiyar murya, a gaban mai saye. Ƙahon masallaci kaɗai ba na yi wa haka, shi don magana aka yi shi, in ka ba shi gangar nan ka zalunce shi.

Shekaru na yi a haka, kaya suka daina dawowa. 'Yan kasuwa suka saba. In sun ji gangar ta tashi sai su ce, "Garba ya samu ciniki."

Sai shekarar da na karya dokar da kaina. Bayan girbi ne, an gama cire gyaɗa. Malam Yahuza, mai makarantar Islamiyya a ƙauyen da ke gabas da namu, ya zo da kansa. Shi ya karantar da 'ya'yana mata biyu, shi ya yi wa mahaifina salla da ya rasu. Za su yi walimar saukar karatu, iyaye sun haɗa hannu a saya wa makaranta lasifika biyu da amfilifaya, a daina haya. A safiyar ranar na sauke akwati shida daga Kano, daga hannun wani dillali da ban taɓa ciniki da shi ba. Biyu daga ciki suka yi wa Malam.

Ya zauna a kan bencina, rawani fari tas, carbi a hannu, ya ce, "To Malam Garba, a ji muryarsu."

Hannuna ya kai kan faifan, na dubi Malam, na kasa. Yaya zan saki ihun ƙaton nan a fuskar mutumin da ko takalmi ba na sawa a gabansa? Sai na ɗauko kaset na karatu na sa, murya daidai wa daida. Sauti ya fito garau. Malam ya lumshe ido ya ce, "Ma sha Allah." Na ce a raina in ya tafi zan gwada su, gobe in aika. Sai ya ce ai ya zo da mai mota, tana jira a bakin titi. Na ɗaure su da igiya da hannuna na ɗora.

Ina wurin ranar walimar, a sahun gaba ma aka zaunar da ni. An kafa rumfuna a filin makaranta, mutane sun zo daga ƙauyuka, wasu motoci guda suka ɗauko daga birni. Tun hantsi ake jawabai, murya a ƙure saboda taron ya yi yawa, rana kuma tana dukan akwatunan. Ana fara kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya su karanta, na ji ƙaurin. Ni kaɗai na san ko na mene ne. Ta hagu ta fara mutuwa. Mai kula da na'ura ya ƙara wa ta dama wuta don ta cike gurbi, ita ma ta bi. Sauran ɗaliban, fiye da rabi, da bakinsu kawai suka karanta. Na baya ba su ji komai ba. Na ga wata tsohuwa da ta zo jin jikarta tana ta tambayar na kusa da ita, "An zo kanta? An zo kanta?" Alhali yarinyar ta riga ta karanta ta zauna.

Washegari na kwaso akwatunan na buɗe. Gam ɗin takalmi, dukansu. Na sa wa sauran huɗun da ke rumfa kiɗan, uku suka mutu. Dillalin kuwa ya ce shi ma haka ya saya. Ban tsaya jayayya ba, na dai daina bi ta layinsa.

Na je gidan Malam da la'asar, na durƙusa a zaure na gaya masa komai, har da dalilin da ya sa ban gwada ba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Kunyata ka ji."

Na ce, "Haka ne, Malam."

Ya ce, "Da ka ce in zaga in sayo albasa, ai da na zaga."

Na ce zan kawo wasu a madadinsu. Ya ce ba shi da taro yanzu, in bari sai ya neme ni. Bai ɗaga murya ba.

Maganar da ta bi gari ba ita ce ta gaskiya ba. Cewa aka yi lasifikar Garba ta sha kiɗan aljanu, shi ya sa ta ƙi ɗaukar karatun Alƙur'ani. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma kafin kasuwa uku ta kai Makoda. Na yi ta bayani cewa tun da na samu faifan, waɗannan biyun su ne kaɗai akwatunan da suka fita daga rumfata ba su ji kiɗan ba. Ba mai saurara. Masallatai da makarantu suka ɗauke ƙafa. Masu hayar biki ma suka bi su, don su ma ana ɗaukar kayansu wa'azi da ɗaurin aure, ba mai son a ce daga wurina ya saya. Lokacin bukukuwa ya zo ya wuce ina zaune ina gyaran tocila da rediyo. Mai goro, da muka shekara goma muna raha, ya koma ce mini "Sarkin makaɗan aljanu." Da damina ta faɗi, gona ce ta ciyar da gidana, ba rumfa ba.

Yayana Musa ya same ni ina noman firi ya ce, "Kai Garba, taurin kan me kake yi? Ka ɗauki faifan nan ranar kasuwa ka taka shi a gaban jama'a, ka ce ka tuba. Wata biyu ya yi yawa, za su dawo."

Na ce, "Yaya, in na taka shi, da me zan gwada?"

Ya ce, "Da me sauran suke gwadawa?"

Na ce, "Sauran ba sa gwadawa."

Gaskiya na auna maganarsa, don na san za ta yi aiki. Amma da na bi ta, da na amsa laifin da ba shi ne nawa ba, na kuma koma sayar da abin da ban san cikinsa ba, in jira wata walimar. Abin da na yi shi ne na daina sa kiɗan a kasuwa. In na sayo kaya sai in ɗora a babur, da ƙaramin janareta, in kai gonata can bayan wata kuka in gwada. Wahala ce, ga mai, ga ɗauka da saukewa, kuma ba ta da amfanin da ya kamata, tunda mai saye bai gani ba.

Kusan shekara ta zagayo, wata ranar kasuwa da hantsi, na ɗaga kai na ga Malam Yahuza a tsaye. Na miƙe na goge benci. Bayan gaisuwa ya ce wata walimar ta matso, ya zo karɓar alkawari. Na nuna masa biyu da na riga na gwada a gona na ajiye dominsa.

Ya ce, "Waɗannan ban ga gwajinsu ba. Waɗancan fa, masu igiya?"

Na ce, "Yanzu aka sauke su daga mota, Malam. Ban san halinsu ba."

Ya ce, "Su nake so. Kai ka ce rashin kiɗan ne ya kashe na bara, mutane sun ce kiɗan ne. Ni kuma na gaji da amsa tambaya a kan lasifika bayan kowace salla. Sa musu abin nan a nan, ina zaune."

Na ce, "Malam, ba abin da ya dace da kunnenka ba ne."

Ya ce, "Na zo da shirina." Ya zaro auduga daga aljihu ya toshe kunnuwansa biyu, ya ja rawani ya rufe. Ya yi mini nuni da hannu in fara.

Na san abin da ke gabana. Kayan da ban gwada ba ne. In suka mutu a gaban jama'a, zancen aljanu ya tabbata, rumfa kuma ta rufu. Na kwance igiya, na jona, na tayar da janareta. Gangar na tashi kasuwar ta juyo. Kafin jitar ta shigo an cika gaban rumfa, mutane na leƙe su ga da gaske Malam Yahuza ne zaune a wurin. Na kama hannunsa na ɗora a jikin akwatin farko, na nuna masa ya ji bugun. Ya ji, ya koma na biyu, ya daɗe a kansa, ya dube ni ya karkaɗa yatsa. Ni ma da na taɓa na ji ƙar-ƙar ɗin. Na ƙure murya.

Malam ya riga ni jin ƙaurin. Ya taɓa hancinsa ya nuna akwati na biyu. Can sai lasifikar cikinsa ta yi shiru. Wani daga baya ya yi ihu, "Kun gani ko! Ya kashe ta!" Hayaniya ta tashi. Ban kashe na'ura ba, na bar ɗayar tana ta yi ita kaɗai har waƙar ta ƙare. Sannan na kwantar da matacciyar, na kwance ta, na sa reza na yanke kwalin, na zaro koyil ɗin da zafinsa na miƙa wa Malam. Gam ɗin ya narke yana bin yatsunsa kamar ƙaro.

Ya cire audugar a hankali. Ya juya wajen wanda ya yi ihun, wani mai sayar da buhu, ya ce, "Ɗan'uwa, su biyu suka sha kiɗan nan ko?"

Ya ce, "E, Malam."

"To ita wannan me ya hana ta mutuwa? Ko aljanin zaɓe yake yi?"

Aka fashe da dariya, mai buhun ma ya yi. Malam ya ɗaga koyil ɗin sama don na baya su gani ya ce, "Ga abin da ya katse wa yaranmu karatu bara. Gam ne. Yau a kasuwa ya mutu, ba a makarantata ba, haka na fi so." Ya sa na jona ɗaya daga cikin na gona, ya mai da audugarsa, muka sake minti takwas daga farko. Ta wuce. Da ake ɗora masa biyun da suka tsira a mota ya matso kusa da ni ya ce, "Amma Malam Garba, abin nan ba shi da daɗi ko ta cikin auduga."

Na ce, "Ni ma ban taɓa jin daɗinsa ba, Malam."

Ba a rana ɗaya mutane suka dawo ba, masu hayar biki ma sai da suka ga walimar ta wuce lafiya. Na farkon zuwa wasu dattawa uku ne daga wani ƙauye kusa da Makoda, kwamitin makarantarsu, kowannensu ya haife ni. Babbansu ya ce, "Malam Yahuza ya ce kar mu karɓi kaya sai ka sa musu abin nan." Ba su zo da auduga ba. Na zaunar da su, na jona, na sake shi. Jitar na shigowa suka dubi juna. Da aka kai rabi, babban ya ɗaga sandarsa ya ce da ƙarfi, "Yaro, ya isa haka! Mun gamsu, mun yarda!"

Na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Saura minti huɗu."

Ban taɓa maɓallin ba sai da ta ƙare.